Abin da Na Ɓoye wa Likita a Jegon Luba

Da sunan Allah nake farawa, Shi da Ya bar mini matata a lokacin da na kusa salwantar da ita da bakina. Luba ce ta sa ni wannan rubutu, bayan rasuwar yayata Adda Hajo bara. Ta ce in rubuta don na baya su kiyaye, kuma kada in gyara kaina a ciki. Wannan sharaɗi na biyu ne ya sa na yi wata uku ina jan ƙafa.

A shekarun da aka ba mu jihar Sakkwato ina malamin firamare a Kebbe. Kuɗin mai sun shigo ƙasa, ana ta buɗe makarantu, albashi na zuwa a kan kari, na sayi babur da rediyo da agogon hannu. Turanci nake koyarwa a aji shida, kuma a ganina na lokacin, daga Kebbe har bakin titin Tambuwal babu wanda ya kama ƙafata. Wasiƙar kowa ni ke karantawa. Ko gaisuwa zan yi da ɗan'uwana malami sai na jefa kalma biyu, don dai a san ana tare da Malam Garba.

Gidanmu gidan malamai ne, Baba na da zauren karatu. Adda Hajo, wadda nake bi, ta auri wani ma'aikacin hanya ya tafi da ita Kaduna, a can ta tsinci Turanci a ajin yamma na matan aure da bakin maƙwabta. Da ya rasu ta dawo gida ba ɗa ba jika. Ana buɗe sabon asibiti a Tambuwal aka ce ana neman mata masu jin Turanci, domin likitocin baƙi ne daga ƙasashen waje. Ta je, aka tura ta Sakkwato wata shida ta koyo aikin tafinta da kula da majinyata. Baba bai hana ta ba, amma tun daga ranar ya daina tambayar lafiyarta, in ta zo gaishe shi ya amsa a taƙaice ya koma kan littafinsa. Ni kuwa dariya nake yi mata. Turancinta na kasuwa ne, ba nahawu ba ado, kuma na kasa gane abin da za a zaunar da mutum wata shida ana koya masa a kan juya magana.

Luba ta haifi ɗanmu na fari, Usman, a tsakiyar bazara, a gidan iyayenta da ke wata unguwa a nan Kebbe, kamar yadda ake yi a haihuwar fari. Mahaifiyarta Inna Kulu ta tsaya mata tsayin daka. Wankan jego safe da yamma da tafasasshen ruwa da ganye, kunun kanwa mai kauri a ƙwarya, sannan kwanciya a gadon ƙasa da wuta a ƙarƙashinsa, duk don kada sanyi ya shiga jikin mai jego. Haka aka yi wa Inna, haka aka yi wa uwata. Ni iyakata zaure. In je da yamma, in tuɓe takalmi, in durƙusa in gaida surukai, in ajiye abin da na riƙo in fito.

A mako na uku aka ce mini Luba na tari. Kafin makon ya ƙare ƙafafunta sun kumbura har zoben azurfar da ke yatsan ƙafarta ya nutse. Nan masu ba da shawara suka yi mana caa. Tsofaffin unguwa suka ce sanyi ne ya samu kafa, a ƙara wuta, a ƙara kanwa. Wata goggonta ta ce iska ce, a turara. Aka kira wanzami ya yi mata ƙaho a baya. Baba ya yi rubutu na kai da hannuna. Kowa don ƙauna ya yi, wannan ba ni da shakka a kai, amma kumburi sai hawa yake har ya kai fuska.

A mako na huɗu na yi ta maza na roƙi surukina a kai ta Tambuwal. Muka isa da hantsi, muka tarar da layin yankan kati ya zagaye bishiyar da ke tsakar asibiti. Sai bayan azahar muka matso bencin ƙofar likita. A nan Adda Hajo ta gan mu, tana cikin kayan aiki, tana riƙe da hannun wata tsohuwa.

Ta ce, "Garba, mi yas samu Luba haka? Dubi ƙafafunta! Ku jira ni in gama da wagga tsohuwa in shiga da ku."

Na ce, "Adda, ki ji da waɗanda ba su da Turanci. Mu mun gode."

Ta dube ni, ta dubi agogona, ta ce, "To, Ticha." Ta wuce.

Likitan Ba'indiye ne, siriri mai tabarau, watansa kaɗan da zuwa ƙasar nan. Ya saurari ƙirjinta ya daɗe, ya danna ƙwaurinta da yatsa. Sai ya fara tambaya, Luba kuwa kanta na ƙasa. Ga mijinta, ga uwarta, ga baƙon namiji, ga haihuwar fari da ko ɗan ba ta iya kallo a gaban mutane. Ko tari ƙoƙarin haɗiye shi take yi. Na ga abin zai ja mu, sai na ci gaba da amsawa a madadinta, ban ma juya mata tambayoyin ba. Me take ci? Na ce tuwo da kunu. Yana da wata tambaya da ba ya gajiya da ita, "Wot els?", wato sai me kuma. Ya maimaita ta, sannan ya tambaya ko akwai wani abu na gargajiya da ake yi mata a gida.

Wallahi a wannan lokaci na ga tukunyar wankan a idona, na ga ganyen, na ga gadon ƙasa. Amma sai na ji nauyin a ce ni, da agogo da Turanci, in zauna ina ba baƙo labarin ana gasa matata a kan wuta, ya ɗauke mu mutanen daji. Kuma da wane baki zan ambaci wankan jego surukata na zaune? Ko da Turanci ne, ji na yi kamar za ta gane. Na ce, "No sa," wato babu.

Ya ce zuciyarta ta gaji, ruwa ya taru a jikinta har ya fara shiga huhu, abin da haɗari, a kwantar da ita yau. Na juya wajen Inna. Ku da kuka san surukuta ku faɗa mini yadda mutum zai dubi surukarsa ya ce 'yarki tana iya mutuwa. Na sunkuyar da kai na ce, "Inna, ya ce da za ta kwana biyu nan da ya fi."

Inna ta ce, "Kwana nan? Wankan fa? Saura kwana goma sha biyu arba'in. A ce ɗiyata ta yanke wanka ga haihuwar fari? Da wane ido zan dubi matan unguwa? A ba mu magani mu tafi, Malam."

Ga likita kuma na ce akwai uzuri a gida, babu mai zama da ita, za mu dawo da ita bayan mako. Ransa bai so ba. Sau biyu yana tambayata ko na gaya musu haɗarin, sau biyu ina cewa na gaya musu. Ya ba da wasu ƙananan ƙwayoyi, ya ce kada ta ci gishiri. Wannan kam na isar da shi cif, Inna kuma ta kiyaye, ko ƙwayar gishiri ba ta ƙara shiga miyar Luba ba. Kanwa kuwa babu wanda ya ambace ta, domin likita bai san da ita ba, ni da na sani na rufe ƙofar.

Mako na biyar shi ne wanda ba na son tunawa. Ƙwayoyin nan aikinsu su fitar da ruwa, sai Luba ta kama yawan fitsari. Inna ta ga haka ta ce ai ga shaida, sanyi ne, maganin asibiti ma ƙara shi yake yi. Ta ajiye ƙwayoyin a bayan kwalla, ta ninka kanwa. Da na je gaisuwa, daga zaure nake jiyo numfashin Luba a cikin gida, kamar ana jan zarto a ɗanyen itace. Aka ce ba ta iya kwanciya, a zaune take barci. Na dawo gida na kasa cin abinci, kuma duk da haka ban buɗe baki na gaya wa kowa abin da likita ya faɗa ba.

Ranar Litinin ina cikin aji sai na ga surukina tsaye a bakin taga, da fartanya a kafaɗa. Suruki bai zuwa wajen suruki haka kawai. Ya ce, "Malam, a zo a ga yarinyag ga." Na bar alli a kan tebur.

Babur ba zai ɗauke ta ba. Muka samu akori-kurar wani mai hatsi da za shi Tambuwal, aka jingina ta da buhunan gero, Inna na riƙe da jinjiri. An yi ruwan farko, hanya ta zama taɓo, sau biyu muna sauka muna turi. Duk lokacin da motar ta tsaya sai in kasa kunne in ji ko tana numfashi.

Adda Hajo ta hango mu tun daga ƙofar asibiti. Ba ta tambayi kowa komai ba, ta kawo keken majinyata, ta yi magana da mai yankan kati, aka wuce da mu. A ƙofar likita na yunƙura zan shiga, ta tare ni da hannu.

Ta ce, "Kai tsaya nan."

Na ce, "Adda, ai ni..."

Ta ce, "Turancinka ya fi nau, kowa ya sani. Amma kai mijinta na, kuma surukin Inna na. Bakinka ɗaure yake ta ko'ina. Zamna."

Ita ma Inna, Adda ta lallaɓa ta, ta ce ta riƙe mana jinjiri ta sha iska kafin likita ya gama dubawa. Na zagaya na zauna a ƙarƙashin tagar ɗakin, wadda ke buɗe saboda zafi. Ban ce hali ne mai kyau ba, amma da ban yi ba da ba ku ji wannan labari ba.

Abin da Adda ta fara yi, ta faɗa da Hausa ta faɗa da Turanci, cewa duk maganar da aka yi a ɗakin nan za ta miƙa ta ga ɗaya ɓangaren, ba ta ragewa, ba ta ƙarawa, kuma ba ta fita da ita waje. Sannan likita ya yi tambaya, ta juya, ta jira. Ba ta amsa ko ɗaya a madadin Luba ba. Sai ga muryar Luba, a yanke a yanke, tana faɗin yadda take ji kamar an ɗora mata dutsen niƙa a ƙirji. A shekara guda da aurenmu ban taɓa jin ta yi magana mai tsawon wannan ba.

Da aka zo kan abinci Luba ta ce kunu. Adda ta miƙa haka, sannan ta ce, "Likita, wannan maganata ce, ba tata ba. Mai jego ce. Ka tambaye ta wane irin kunu, da yadda ake yi mata wanka, da inda take kwanciya." Ta juya ta gaya wa Luba abin da ta ce masa. Turancin nan da nake wa dariya, guntu-guntu, shi ya fito da tukunya da ganye da gadon wuta ya ajiye su gaban likita. Yana ta "Wot els?" ana ta ba shi. Ya ce yana son ganin kanwar. Aka kira Inna, ashe ta ƙullo ta a bakin zane don a ci gaba da damawa a asibiti. Ya ɗanɗana a harshe, sannan ya ce a kira mijin.

Na shiga. Ya cire tabarau ya ce ranar nan ya tambaye ni na ce babu, ya ce in gaya musu tana cikin haɗari na ce na gaya musu. Ina fatan maganar ta tsaya tsakanina da shi, sai na ji Adda ta juya wajen Inna da Luba tana cewa, "Ya ce ma Garba, ran nan na tambaye ka kac ce babu. Na ce ka faɗa musu ranta na cikin haɗari, kac ce ka faɗi." Inna ta ɗago ta dube ni, karo na farko tun da na auri 'yarta. A ranar na ji haushin Adda ƙwarai, na ce a raina ko wannan ba ta iya rufa wa ƙanenta asiri. Na daɗe kafin in gane cewa da ta rufa mini, da Inna ba ta yarda da sauran maganar da ta biyo baya ba.

Likita ya hasala. Ya nuna Inna ya ce a gaya wa tsohuwar nan ita ke kashe 'yarta. Adda ta tsaya cak, ta ce masa, "In ka ce in faɗa zan faɗa yadda ka faɗa. Amma ga tawa. Matar nan wata guda tana ɗauko itace da ruwa don 'yarta ta rayu. In ta ji haka yanzu za ta ɗauke ta, kuma ba za ka ƙara ganinta ba. Ka nuna mata abin da kanwa ke yi." Ta juya ta ce, "Inna, likita ya yi fushi ya faɗi magana mai zafi kan kanwa. Ni kau na ba shi labarin wahalar da kika sha, na roƙe shi ya yi miki bayani."

Mutumin kirki ne, Allah Ya saka masa. Ya mai da tabaransa, ya kama yatsan Inna ya danna shi a ƙwaurin Luba. Da ta ɗaga, ramin ya zauna bai ciko ba. Ya ce wannan ruwa ne, kanwa ke riƙe shi a jiki, zafin wuta kuma na ƙara wa zuciya gudu alhali ta gaji, ƙwayoyin nan kuwa ruwan suke fitarwa. Adda na miƙawa jimla jimla. Inna ta ƙura wa ramin yatsanta ido. Gidansu suna da shanu. Can ta ce, "Awa shanu in an ba su kanwa, su yi ta shan ruwa suna cika?" Adda ta miƙa masa. Ya buga tebur ya ce haka ne, ta fi shi iya faɗa.

Inna ta share ido da gefen mayafi ta ce, "To wankan fa? Saura kwana biyar." Ni da ni ne tafinta da na haɗiye wannan tambaya, in ce ba ta da amfani. Adda ta miƙa ta, ta ƙara da nata bayanin cewa in aka yanke wanka, duk ciwon da Luba ta ƙara yi har tsufanta za a ce uwarta ce ta yi sakaci. Likita ya yi tunani, ya ce wanka bai hana ba, in dai ruwan mai ɗumi ne wanda za a iya wanke jinjiri da shi, a zaune, ba tare da an wahalar da ita ba. Ganye ma a sa. Kanwa da gadon wuta ne babu su.

Mako uku Luba ta yi a asibiti. Magani kyauta ne a wancan zamani, abin da ya ci ni hanya ce da fuskar hedimasta saboda fashin aiki. Ɗakin mata ba a barin maza sai da la'asar, famfo yakan ɗauke kwana biyu sai an sayo ruwa, kuma Luba ta tsani abincin da ba gishiri har tana kuka. A makon farko ruwa ya yi ta fita, zoben ƙafarta ya dawo yana juyawa. Inna ta cika arba'in ɗinta a bayan ɗakin majinyata da bokitin asibiti, Adda na taɓa ruwan da gwiwar hannu kafin a fara. A mako na biyu goggon nan mai maganar iska ta zo dubiya da ƙwaryar kunun kanwa a ɓoye cikin mayafi. Ba Adda ta tare ta ba, Inna ce. Ina ji tana cewa, "Mai da abinki. Ni na ga ramin da idona." A mako na uku Luba ta kwanta a miƙe ta yi barci da rana tsaka, na tsaya a taga ina kallo har aka kore ni.

Ranar sallama likita ya ce kada ta sake ɗaukar ciki sai bayan shekara biyu aƙalla, kuma in ta samu a kawo ta awo tun da wuri. Adda ta faɗa mini wannan a gaban surukata, ba ta ko rage murya ba. Na so ƙasa ta tsage in shige, amma na ji, kuma an kiyaye.

Da muka koma Kebbe Baba ya kira ni zaure ya ce in ba shi labari. Na ba shi duka, har da nawa. Ya koma kan littafinsa. Bayan sallar layya, da yanar idonsa ta matsa masa har karatu ya fara gagara, ya ce in kai shi Tambuwal, kuma in aika a gaya wa Hajo. Hali bai barin mai shi, na ce, "Baba, ai ina nan, zan iya yi maka."

Ya ce, "Mun ga naka."

Ya bi layi kamar kowa. Da aka kira katinsa Adda ta fito, ta gan shi, ta zube ƙasa za ta gaishe shi. Ya ce, "Tashi, aiki kika yi. Ki faɗa mashi duka, ki faɗa mani duka." Ta riƙe hannunsa ta shiga da shi, ni na zauna a benci da takalmansa. Ban taɓa alfahari da wani ɗan'adam kamar yadda na yi da yayata a wannan rana ba, kuma har ta koma ga Allah ban daina ba.

Saboda haka ga abin da nake roƙon duk wanda ya karanta. In ka kai naka asibiti, aka ce ga wanda aikinsa ke nan ya tsaya tsakaninku da likita, ka ba shi wuri, ko da kai ka rubuta littafin Turancin. Jin harshe daban, iya faɗin abin da ke da nauyin faɗi daban, kuma na jikinka shi ne wanda za ka fi yi wa ƙarya don tausayi ko don kunya. Kumburi da haki ga mai jego kuma ba abin jira ba ne.

Luba ta haifi biyar bayan Usman. Ita ke yi wa 'ya'yanmu da jikokinmu wankan jego yanzu, da ruwa mai ɗumi da ganye, ba kanwa ba wuta, matan unguwa na kiransa wankan Hajo. Jiya da hantsi na karanta mata wannan rubutu tana tsince wake a tabarma. Da na zo wurin da na ce "No sa", ta ɗaga hannu.

Ta ce, "Malam, sake karanta wurin ga. Ban ji da kyau ba."

Ta ji sarai. Na sake karantawa, ta yi dariya har da riƙe ciki, ta koma kan wakenta. Na ajiye takardar na kasa kunne, kamar yadda na saba tun ranar akori-kurar nan. Taku biyu ne tsakanina da ita, kuma ban jiyo zarton nan a numfashinta ba, sai ƙarar wake a faranti. Alhamdu lillahi.